Shekarar da Aka Yaɓe Ƙoramarmu

Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in na kai yatsuna kusa da hanci sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙen yashi. Na wanke da sabulu, na yanke farce, uwar mijina har lalle ta ƙunsa mini, duk da haka yana nan. In ka ga rubutun nan yana karkacewa kada ka ce ban je makaranta ba. Na je, har na gama sanawi, wato sakandare. Hannun ne bai daina rawa ba tun ranar da lori ta mutu mana a daji, ni da 'yata mai wata takwas a baya, muka yi yini biyu babu ruwa. Ga ta nan kusa da ni tana wasa da murfin kwano, lafiyarta ƙalau, alhamdu lillahi. Ni ce dai ban dawo daidai ba. Ko randar ɗaki na leƙa na ga ta yi rabi sai gabana ya faɗi.

Abin da na lura shi ne, in tsoron ya taso babu abin da ke kwantar da shi kamar tunanin kakata, uwar babana, da ƙoramar garinmu. Shi ya sa na ɗauko takarda. Ka yi haƙuri da ni, zan iso kan zancen lori, amma sai na bi ta gida tukuna.

Ƙauyenmu yana yamma da Abu Na'ama, tafiyar rabin yini a kan jaki kafin a kai bakin kogi. Baƙar ƙasa ce, mai danƙo da damina, mai tsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ba ta yin rijiya. An gwada an gaji. Abin da ya zaunar da kakanninmu a wurin shi ne wata ƙorama da ke saukowa daga dutsen bayan gari, mai farin yashi kamar an tankaɗe shi. Da damina takan zo da ƙugi, ja wur, ta yi yini ɗaya ko biyu ta wuce. Sauran shekara kuwa hanyar jakuna ce.

To, tun kafin a haife ni aka yi mata shinge. Ba wani gini ba ne: duwatsu ne aka jera suka tsallaka ta daga gaɓa zuwa gaɓa, aka cusa ƙaya da rassan bagaruwa a tsakani, tsayinsa bai wuce ƙugun babba ba. Ruwa in ya zo sai ya tsaya a bayansa ya huta, wani ya tsallake, wani ya zauna. Bayan kwana uku ko huɗu ka zo ka tarar babu shi. Baƙo zai ce asara aka yi. Mu kuwa mun san yana nan ƙarƙashin ƙafarmu, yashi ya shanye ya ajiye mana. In rani ya yi, sai a tona 'yan rijiyoyi marasa zurfi, irin waɗanda Larabawa maƙwabtanmu ke kira jamam, a kwashi ruwa da ƙwarya, mai sanyi, garau, ba ya bukatar ko 'ya'yan zogale da ake daka wa ruwan kogi don ya kwanta.

Amma yashi ba ya sha sai an buɗe masa baki, wannan kuwa aikin mata ne. Duk ambaliya tana barin laka a sama, siririya, mai santsi. In rana ta buge ta sai ta bushe ta nannaɗe kamar kisra, siririyar wainar nan ta dawa, a kan tanda. In aka bar ta, ruwa na gaba zai tarar da ƙofa a rufe. Don haka da zarar ta bushe, Kaka za ta fito ƙofar gida da sassafe ta buga sakaina biyu, ƙwas ƙwas ƙwas, mata su fito kowa da tata sakainar da kwando. Mu jeru a durƙushe muna karta, ana waƙa, ana gulma, ana kwashe lakar ana kai wa kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Kartar laka muke ce masa. Ina tuna sanyin yashin a gwiwata, da yadda lakar ke karyewa a hannu kamar ƙanzo, da ƙannena da ke satar ci ana make su. Ba a barin saniya ta taka wurin, ba a wanki a wurin, wanda kuma ya sha a jamam dole ya rufe bakinsa da ƙaya kafin ya tafi. Ban taɓa jin wanda ya kafa dokar ba. Haka muka taso muka gani.

Kaka gajeruwa ce, mai saurin tafiya, da zane baƙi da wani dogon ƙarfe siriri da take dogarawa kamar sanda. Tana yarinya ta zo daga yamma a ƙafa tare da iyayenta, da niyyar hajji, tafiyar ta tsaya a nan. Da ƙarfen nan take neman ruwa: ta soka shi cikin yashi har ya nutse, ta zaro, ta shinshina bakinsa, ta ɗora a kumatu. Ni take ja ko'ina. "Taho, ƙawata," in ji ta, "hancinki sabo ne, nawa ya sha taba." Ta koya mini in duba gwiwar ƙorama ta waje, inda ruwa ya fi daɗewa, in duba inda gawo ko magarya suka fi kore, in tona da hannu in damƙi yashin, in ya dunƙule to a ci gaba, in ya zube a bar shi.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da gidanmu. Babana ɗan farin Kaka ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Yana zaune gabanta za ta juyo wurina ta ce, "Ke, gaya ma mutumen ga tuwo shina hucewa." Shi kuma ya amsa, "Na ji, Inna," ita ko ta yi kamar bango ne ya yi magana. Tun ina ƙarama ni ce wayar da ke tsakaninsu, kuma ina jin daɗin aikin ƙwarai.

Ina da shekara tara ko goma Baba da wasu samarin gari suka dawo daga Managil, inda suka yi shekara biyu suna aiki a hawashar mutane, wato gonakin auduga na ban-ruwa. Sun dawo da rediyo, da takalman roba, da labarin ruwa. Sun ga tur'a, manyan magudanan da aka haƙa, cike maƙil, miƙe kamar an ja da zare. Sun ga hafir, tabkin da gwamnati ke haƙawa, wanda ruwa ke zama a ciki kowa na kallo. Suka dubi shingenmu na duwatsu da ƙaya suka ji kunya. A ganinsu mu mutane ne da Allah ke kawo wa ruwa har ƙofa, mu tsaya muna kallo ƙasa ta shanye, har ma mu taya ta da sakaina.

Ba mugunta suka yi ba, ina so ka riƙe wannan. Tausayin mata suka ji. Baba ya ce uwarsa ta tsufa da durƙuso, matarsa ta gaji da tono. Aka zauna gaban mai gari, aka yanke: za a ɗaga shingen da ƙasa har ya fi tsayin mutum, a ɗebo baƙar laka a shimfiɗa a kan yashin bayansa, a koro shanu su tattake har ya zama kamar daɓen ɗaki. Kartar laka kuma an soke ta.

Ranar da labarin ya iso gida Kaka tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ƙawata, tambayi mutumen ga, can Managil rana ba ta fitowa ne?"

Na juya na ce, "Baba, wai Kaka ta ce..."

"Na ji ta. Inna, tana fitowa mana."

"Ce mai ruwan da shika gani, ita ma tana ganin shi. Kuma ta fi shi ƙishirwa."

Baba ya yi dariya. "Inna, ya'ni ku ruwanku sai an binne shi kamar gawa? Mu mun ga aikin injiniyoyi da idonmu."

"Ce mai su kogi na bayansu. Shi mi ag ga bayan shi? Dutse da birai."

Dariya ta kama ni har na kasa isar da saƙon. Shi ma Baba ya dara, ya tashi ya ɗauki fartanyarsa. Aka yi gayya ta kwana goma, aka yaɓe ƙorama.

Gaskiya zan faɗa maka: ban taɓa ganin damina mai daɗi kamar wannan ba. Ruwa ya zo ya tsaya, ya yi faɗi, ya zama tabki har da inuwar dutse a cikinsa. Mu da ba mu taɓa iyo ba muka koya cikin mako ɗaya. Belbelu suka sauka fari fat, agwagin daji suka zo, kwaɗi suna kiɗa tun la'asar. Mata suna wanki a gaɓa suna shanya a kan ciyawa, mutanen wasu ƙauyuka suna zuwa kallo. Baba in ya bi ta wurin har tafiyarsa ke canzawa. Innata ta ce ta huta, hannunta ya yi laushi. Ni ma na ce a raina tsohuwa ta sha kaye.

Ita kuwa ba ta sake cewa komai ba. Sai dai bayan kowace ambaliya takan ce mini, "Ɗauko kwando, kuɓewata na son laka." Mu hau can sama da tabkin, nesa da gari, inda ƙoramar ta yi gwiwa a gindin wani babban gawo. A can muke tarar da tsofaffi uku, ƙawayenta. Sun jera 'yan duwatsu da ba su kai gwiwa ba, suna karta a hankali, suna nishi, suna zagin ƙugunsu. Ina taya su ina gunaguni, don ƙawayena na can suna iyo. Wata rana na ce, "Kaka, kuɓewa nawa gare ki da za ta ci lakar nan duka?" Ta ce, "Karta dai, mai bakin tsiya."

Aka yi girbin dawa. Iska ta juya, tabki ya fara ja da baya. Da fari taki ɗaya a mako, daga baya kullum sai ka ga sabon zobe na laka a gaɓa. Ruwan ya yi kore, ya yi yauƙi, ya fara wari. Shanu sun shiga sun fita, sauro ya yi mana sansani. Kafin zafi ya kai tsakiya, abin da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, da 'yan kwaɗi a ciki. Ranar da ya ƙafe, maza suka fasa daɓen suka tona. Tsayin mutum, tsayin mutum da rabi. Yashin yana zuba daga hannu kamar gero. Suka koma ƙasa da shingen inda a da nan ma akan yi jamam, nan ma sai ɗan danshi da ba ya cika ludayi, don bangon ya hana ruwa wucewa.

Daga nan jakuna suka fara zirga-zirgar kogi. A fita da asuba a dawo bayan la'asar da salka biyu, jakin kansa ya sha rabin abin da ya ɗauko kafin gobe. Aka daina wanki. Alwala ta koma taimama. Gida biyu suka ɗaure kaya suka tafi Jazira, yankin gonakin ban-ruwan nan, suka ce gara su zauna a bukka a bakin tur'a. Sai zancen tashi ya cika gari, har mai gari ya ce in wata ya kama ba a ga hadari ba, kowa ya nemi inda zai nufa. Abin da ke gabanmu ke nan: ko ruwa ya kai mu damina, ko garin ya mutu.

Baba ya rame. Ya daina kunna rediyo. Wata safiya ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Kaka ya ce, "Inna, ki shirya kayanki. Na samo mana wuri wajen Hasahisa."

Ta dube ni. "Ce mai na gama tafiya tun ina ɗiya. Nan anka bizne uwata." Sannan ta jawo ƙarfenta. "Ce mai kuma shi ɗauko fartanya shi biyo mu. Shi kaɗai."

Muka hau zuwa gindin gawon nan, ita a gaba, ni a tsakiya, shi a baya. Rana ta riga ta yi zafi, yashi na ƙona tafin ƙafa. Ta soka ƙarfen, ta jingina da dukkan nauyinta har ya nutse, ta zaro. Ba ta shinshina ba, ni ta miƙa wa. Na kai hanci. Wallahi har yau ban san ƙanshin da ya kai wannan ba. Kamar ranar ruwan farko ce aka ɓoye a bakin ƙarfe. Na ce, "Baba, tona nan!"

Ya tona. Kamu ɗaya yashi ya canza launi, kamu ɗaya da rabi ya fara dunƙulewa, da ya kai ƙugu sai muka ga gindin ramin yana ƙyalli, ruwa na tsattsafowa a hankali daga gefe. Baba ya zauna a cikin ramin ya rufe fuska da hannu. Kaka ta juya masa baya tana kallon dutse, don kada ta ga abin da bai kamata ta gani ba.

Daga baya na tambaye ta me ya sa ta bari har gida biyu suka tashi. Ta ce ita ma ba ta da tabbas. Aikin tsofaffi huɗu da yarinya mai gunaguni ne, ba ta san ko nawa ya shiga ba. Da an buɗe da wuri, da shanu da wanki sun cinye shi cikin kwana ashirin. Ta ce kullum tana lissafi da ganyen gawon, tana roƙon Allah kada ta yi latti.

Ruwan bai yi yawa ba. Tulu ɗaya kowane gida da safe, ɗaya da yamma, tsofaffin nan huɗu na zaune a bakin ramin suna rabo, ba mai yi musu gardama. Dabbobi aka kora kogi da makiyaya. Haka muka lallaɓa, jamam ɗaya ya ja baya a tona wani kusa da shi, har ranar da hadari ya haɗo daga kudu.

Kafin ruwan ya sauka, Baba da abokansa suka rushe bangon da hannunsu, suka mayar da shinge yadda yake, suka kwashe daɓen kwando kwando. Da ambaliyar farko ta wuce laka ta bushe, Kaka ta fito ta buga sakainarta. Sai ta ba ni wata sabuwa, babba, ta ce, "Kai ma mutumen ga. Ce mai injiniya muke nema." Ranar maza suka durƙusa cikin mata suna karta, abin da ba a taɓa gani ba. Wata gwaggona ta ce wa Baba, "Haba ɗan Managil, a hankali, ba auduga ba ce!" Aka yi ta shewa. Shekarar ruwan jamam ya kai mu damina har da saura, ɗaya daga gidajen da suka tashi ma ya dawo.

Kaka ta rasu ina aji biyu a sanawi. A makaranta na koyi sunayen abubuwan nan da Larabci, na zana su a allo, na ci jarrabawa. Na yi aure a Hasahisa, inda ruwa ke zuwa a famfo, na manta da nauyin sakaina.

Yanzu zancen lori. Suna muka je a dangin mijina, can cikin duwatsun kudu, ni da 'yata. A dawowa direba ya ce ya san gajeriyar hanya. Injin ya yi zafi, aka ɗura masa ruwan shanmu, ya ɗan tafi, aka ƙara masa sauran, sannan ya mutu gaba ɗaya. Mu goma sha wani abu, babu gari, babu wata mota. Direba ya tafi neman taimako a ƙafa. Yini na farko muka yi ta addu'a a inuwar lori. A yini na biyu nonona ya ƙafe. Yarinyar ta yi kuka har ta daina, ta koma buɗe baki kawai, leɓenta ya bushe, maɗigarta ta faɗa. Wannan shirun nata shi ne abin da har yanzu ke tashe ni. Ba zan ƙara komai a kansa ba.

Na goya ta na nufi wasu itatuwa da na hango, ba don na san komai ba, don dai ba zan iya zama ina kallonta ba. Sai na faɗa cikin wata busasshiyar ƙorama. Na bi ta kaɗan, ta yi gwiwa, ga magarya kore shar a gefen waje. Kuma ga duwatsu a jere daga gaɓa zuwa gaɓa, da ƙaya a tsakani. Na tsaya ina kallo kamar na ga ɗan'uwa a kasuwar baƙin gari. A bayan duwatsun yashin fari ne tas, an karce shi, har tarin busasshiyar laka na nan a gefe inda aka zubar.

Ba ni da ƙarfe. Na karyo reshe na soka, na shinshina. Na kwance kwanon da ke cikin ƙunshina na fara tono, kwano ya lanƙwashe na ci gaba da hannu, ina kiran mutanen lori da muryar da ban san ina da ita ba. Wani dattijo Balarabe ya iso yana cewa, "Ya bitti, 'yata, rana ta taɓa ki, taso." Na damƙi yashi na buɗe hannu a gabansa, ya ga ya dunƙule. Nan take ya durƙusa kusa da ni ya kama tono. Da ruwan ya taru na jiƙa bakin mayafina na ɗiga mata. Ta tsotsa. Ta tsotsa kuma. Sannan ta tsala kuka, ni ma na taya ta.

Washegari da hantsi direba ya dawo da wata mota. Kafin mu tafi na sa aka saro ƙaya aka rufe bakin ramin. Wani saurayi ya ce, "Wa zai gani?" Na ce masu shi za su gani.

Ban san ko su wane ne ba. Ban ga gari ba, ban ga bukka ba. Wataƙila makiyaya ne, wataƙila wani ƙauye ne a bayan dutse. Ban san ko Hausa suke ji ba. Na dai san wasu mata sun durƙusa a wurin da damina, ƙugunsu na ciwo, wata yarinya na gunaguni, ba su san da 'yata ba.

A garinmu yanzu an kafa donki, injin da ke jawo ruwa daga can ƙasa, kuma alheri ne, ba zan ce ba alheri ba ne. Innata ta huta da gaske wannan karon. Sai dai in ya lalace akan yi mako ana jiran makaniki. Zuwana na ƙarshe na ga shingen ya ɓalle a tsakiya, laka ta yi kauri a kan yashi, awaki na kwance a kai. Na gani na wuce, ina sauri kada takalmina ya ɓaci.

Jiya na aika wa Baba wasiƙa. Ya tsufa, amma har yanzu shi ake saurara a gaban mai gari. Na ce masa ina nan zuwa kafin hadarin farko, ni da jikarsa, ya tara mini duwatsu da duk macen da gwiwarta ke lanƙwasuwa. Da safen nan kuma ƙwaryar da nake auna gari da ita ta suɓuce daga hannun nan mai rawa, ta rabe biyu. Uwar mijina ta kai hannu za ta jefa a murhu. Na ce ta bar mini, ina da aikinta.